Ranar da Na Daka Iri

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakina ina tsince shinkafa, sai ga matar ɗana ta dawo daga kasuwar Wara da wata farar shinkafa a leda, tana ta yabonta wai ba ta da tsakuwa. Na karɓa na shinshina. Ba ƙamshi, ba wari, kamar mutum ya shinshina tafin hannunsa. Na miƙa mata kayanta, amma tun daga lokacin zuciyata ta koma gungu, tsibirin da aka binne cibiyata, wanda yau ko kan giginyar gidanmu ba a gani saboda ruwa ya shanye shi. Ni ba mai yawan kukan zamanin da ba ce, don a da ɗin ma mun sha wuya. Sai dai akwai abu guda da aka koya mini a can, na riƙe shi tun ina da kitson yarinta har na yi furfura, sannan na yar da shi a rana ɗaya saboda maganar mutum ɗaya. Shi nake so in faɗa tun bakina yana motsi.

A gungu ba zakara ke tashe mu ba, filafili ne. Tun kafin gari ya waye sarai za ka ji ana bugun gefen jirgi da shi, ƙwas, ƙwas, masunta suna kora kifi cikin taru. Daga nan sai turame su karɓa, gida ya amsa wa gida, har a gane matar da ta makara. Mu 'yan mata aikinmu na farko ban ruwan albasa ne. Da ƙwarya muke kamfato ruwa daga kogi muna watsawa a fangali, tun ƙafa tana jin sanyi har ta daina ji. Yanzu inji ake kunnawa, yaro ya zauna a inuwa yana latsa waya, ruwa yana gudu da kansa. Ban ce ba ci gaba ba ne, bayana da ya ranƙware ma shaida ne. Amma mu da ke shiga ruwan da ƙafarmu mun san halinsa. Mun san farin ruwa mai zuwa da laka a tsakiyar damina, mun san baƙin ruwa mai zuwa a hankali lokacin sanyi daga ƙasashen da ba mu taɓa gani ba. Babana yana tsoma hannu ya ɗanɗana, ya ce mana saura kwana kaɗan a ɗaga kaya sama, kuma haka za a yi.

Shinkafarmu ja ce, mai bin ruwa muke ce mata. Ana yafa ta da ruwan farko, tun ƙasa tana ƙamshi, don ta kafa saiwa ta yi ƙarfi kafin kogi ya kawo. Idan ruwa ya fara hawa, ita ma sai ta fara hawa. Ya kai gwiwa, ta wuce shi. Ya kai wuyan namiji, tana nan da ganyenta a sama tana lilo. Idan kaka ta yi, a jirgi muke girbinta. Inna a gaba da lauje, ni a baya ina riƙe da gora, tana janyo zangarniya tana yankewa tana jefawa tsakiyar jirgi har sai ruwa ya kusa bakinsa. Ba ta da kyawun gani, kuma surfenta yana cin hannu, amma tuwonta idan ka ci da safe sai la'asar za ka tuna da abinci.

Kafin a kai dami ko ɗaya rumbu, sai Inna ta shimfiɗa tabarma ta zaɓi zangarniyar da ta fi nauyi, ta ware. Wannan shi ne iri. Ta shanya shi daban, ta sussuke shi a hankali da hannu, ta gauraya da toka, ta zuba a wata baƙar tukunya, ta yaɓe bakin da laka, ta danna babban yatsanta a kan lakar, sannan ta rataye a ragaya can ƙuryar ɗaki. Ko da ruwan farko ba a yafa shi duka, sai a bar rabi a sake yaɓewa, don gudun ɓacin shekara. Haka kowace mace a gungu take yi, don ajiyar iri aikin mata ne. Maza su yi noma, su yi kamun kifi, amma ba namijin da ke taɓa tukunyar. Kuma in ruwa ya ci gida, ita ake fara sawa a jirgi, kafin tabarma, kafin kayan ɗaki. Ina yarinya na ɗauka wauta ce. Na taɓa ganin Inna ta bar akwatin kayan aurenta yana yawo a tsakar gida, ta fito rungume da tukunya kamar jinjiri.

Shekarar da na fara ɗaura zane, tsuntsaye suka sauko mana, jan baki, suka yi duhu a sama, suka bar mana kara. Da bazara ta kama, yunwa ta shigo kowane gida. Muna cin kifi ba tuwo har warinsa ya ishe mu, muna haƙo saiwar bado muna dafawa. Ƙanena yana kuka har muryarsa ta dushe. Wata rana Inna ta tafi itace, na hau turmi na ƙwaƙule gefen lakar tukunyar, na ɗebi cikin hannu ɗaya, na soya a kasko muka tauna ni da shi. Na mayar da laka na shafe da miyau, ina ganin na yi dabara. Ashe na goge shatin yatsanta.

Ba ta doke ni ba, kuma da ta doke ni da na manta. Washegari ta ce in ɗauko filafili. Muka tuƙa har wani ɗan gungu da ke gabas da namu, inda yara ba sa zuwa. Muka sauka a wani kango, ɗakuna uku ba rufi, ciyawa ta fito a murhu, ga turmi kwance gara ta cinye gindinsa. Inna ta tsaya tana kallo, ta daɗe, sannan ta ce, "Kin ga gidan ga? Ƙawata ta, tare munka yi wasa. Ba yunwa ta kore su ba, yunwa tare munka sha ta da su. Iri sunka ci. Damana taz zo, kowa na yahi, su ba abin yahi. Sunka tashi, har yau ban san inda suke ba." Ta juyo ta kama hannun da na ɗebi shinkafar da shi, ta matse har na ji zafi. "Abin da ac cikin tukunyag ga ba naki na ba, ba nau na ba. Na baɗi na. Kin jiya?" Na ce na ji. A hanyar dawowa ita ta yi tuƙin, ni ina ta kuka.

Bayan an yi mini aure ne aka tsare kogi da madatsar ruwa daga can kudu, aka ce ruwa zai hau, mu tashi. Aka kwashe mu zuwa wannan bakin tafki, aka sa mu a gidajen da wasu suka zana ba tare da sun tambaye mu yadda muke kwana ba. Inna a kan cinyarta ta riƙo tukunya har muka iso. Aka yi ta cewa shinkafarmu ba za ta yi a nan ba, amma ta yi. Tafki yana ja da baya da rani ya bar mana laka, mu yafa da ruwan farko, ya dawo a hankali, ta bi shi sama kamar yadda ta saba. Da Inna ta rasu tukunyar ta dawo hannuna, ni ma na riƙa danna nawa yatsan.

To, ni Allah ya yi ni da baki. Tun da aka fara barin mata su jefa ƙuri'a na shiga harkar da ƙarfina, don a ganina an tashe mu daga gungu ne saboda ba mu da mai magana a sama. Na yi yawo a jirgi ƙauye ƙauye, na shiga gidajen da ko mai tallan gishiri bai sani ba, har aka wayi gari ni ce uwar matan yankinmu. In na ce a fito, a fito. Ƙanwar mijina, wadda muke kira Ta Gungu don har gobe ba ta yarda nan gida ne ba, ita kaɗai ke yi mini dariya. Abokiyar wasata ce, ba ta raga mini. In ta gan ni na sha atamfa mai hoton ɗan takara sai ta ce, "Ga gwamnati nan tahe. Gwamnati, a ba mu wuri ko mu ba ki?" Ni kuwa in ce mata ta zauna nan da tsohon kanta, duniya ta wuce ta.

Wanda muka tura ya wakilce mu a ƙarshen nan ɗanmu ne. Na san ranar sunansa, na goya shi, uwarsa tare muke girbi a jirgi. Da ya fito takara ban yi barcin kirki ba sai da ya ci. Kowa yana ce masa Honorabul, ni ɗana nake ce masa, shi kuma Inna yake ce mini, har ya durƙusa.

Sai ga ruwan da ya zo mana 'yan shekarun nan. Wannan ba farin ruwa ba ne, ba baƙi ba. Cikin kwana biyu ya hau abin da ya saba hawa a wata guda, ya shanye shinkafa tun ba ta sami damar binsa ba, ya kwantar da gero, ya narkar da rumbuna kamar an jiƙa gari. Da rana tsaka muka fita, kuma abin da na gani ranar ya faranta mini rai cikin baƙin ciki: kowane jirgi ka duba, ga mace zaune da tukunya a cinya. Har matan da aka auro daga tudu sun koya. Maƙwabciyata, yarinya mai kunya da muke kira 'Yar Shanga don daga can aka kawo ta, ta sa 'ya'yanta huɗu a jirgi, ta koma cikin ruwa har ƙirji ta ɗauko tata.

Aka tara mu a makarantar firamare da ke kan tudu. Bayan mako biyu sai ga manyan baƙi a jirgin inji, kowa da jar rigar ruwa, masu ɗaukar hoto sun fi masu ɗaukar kaya yawa. Aka rubuta sunayenmu, aka sake rubutawa. Aka raba tabarmi da bokitai da ɗan abincin da bai kai mu ƙarshen wata ba. Ɗana ya hau tebur ya yi jawabi har da hawaye. Da ya sauko ya nufo ni, ya kama hannuna biyu a gaban mata, ya ce, "Inna, ki gaya musu su kwantar da hankalinsu. An riga an amince, ingantaccen iri yana nan zuwa, kowane gida zai samu kafin ruwan farko. Wanda ya fi naku sau nawa. Ni na yi miki alkawari." Na ce Allah ya yi masa albarka. Har ga Allah na yarda, ko ɗigon shakka babu a raina.

Ruwa ya janye muka koma muka tayar da bango. Sanyi ya wuce, rani ya shigo, abinci ya ƙare. Maza suka bazu neman aiki, wasu Yelwa, wasu wurin haƙar zinariya. Irin kukan da ƙanena ya yi a gungu, shi na riƙa ji ta bayan katanga daga gidan 'Yar Shanga. Wata safiya mata suka taru a tsakar gidana. Can 'Yar Shanga ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, yara ba su ci komi ba tun jiya. Ga tukwane rataye. Tun da an ce ana kawo wani, ko mu sauke?" Duk suka zuba mini ido.

Na tuna kangon nan, wallahi na tuna. Amma sai na ce wa kaina wancan zamanin ba gwamnati ne, ba mai jin kukan talaka, yanzu kuwa muna da namu a sama. Kuma akwai girman kai a ciki, ba zan ɓoye ba. In na ce kada a taɓa, kamar na ce ban yarda da maganar ɗana ba, ni da na tara masa matan nan. Na tashi na shiga ɗaki na sauko da tukunyar Inna, na fasa lakar a gabansu, na juye a turmi, na ɗauki taɓarya. Na ce, "Ku tai ku ba ɗiyanku abinci. Iri na nan tahe, ni ag gaya muku." Kafin azahar turame suna amsa wa juna a duk garin, irin amon da na daɗe ban ji ba, har na ji daɗinsa.

Mace ɗaya ce ba ta sauke ba. Ta Gungu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona ina bakace. Ba ta yi wasa ba ranar. Ta ce, "Yaya, tukunyar Inna ta kika zuba turmi?" Na ce ita ce, in tana da abin da za ta ba yaran mutane ta kawo. Ta ce, "Ni ban ga iri ba, magana niji. Ba ni yahin magana." Mata suka yi mata ca, aka ce marowaciya ce, ta fi son tukunya da jikokinta. Ni ma na faɗa. Ta juya ta tafi, ta ci gaba da dafa wa jikokinta ganye da garin rogo.

Ruwan farko ya sauka, ba iri. Na sa a kira ɗana a waya, aka ce yana taro. Ruwa na biyu, na uku, ƙasa ta yi laushi tana jira, ciyawa ta rufe gonaki. Kullum da safe sai in ga mata suna leƙen hanyar mota, in sun gan ni su kau da kai. Ta Gungu kuwa ta yafa nata ita kaɗai, ɗan fili kamar shimfiɗar tabarma goma. Sai da damina ta raba tsakiya mota ta iso, da buhuna masu rubutu da masu hoto. Aka jera mu, aka ɗora wa kowa a kai, aka ɗauka. Da na kwance na duba, fara ce, gajera, irin wadda ake nomawa a tudu ko inda ake iya tare ruwa. Amma me za mu yi? Muka yafa. Ta fito kore shar, kamar za ta yi abin kirki. Sai tafki ya fara dawowa, ba ambaliya ba, hawansa na kowace shekara. Ya kai mata wuya ta tsaya, ya rufe ta ta ruɓe. Ka tsaya a bakin gaɓa ka hanga, ruwa ne fari fat har iyakar ganinka, in ban da ɗan filin Ta Gungu da ke lilo a sama.

Na shiga mota na tafi Yelwa, gidan da ɗana ke sauka. Na yini a kan benci a ƙofar gida, ni da nake shiga har ɗakin matarsa lokacin neman ƙuri'a. Da la'asar ya fito zai shiga mota, ya gan ni, ya ce, "A'a, Inna! Ke ce a nan?" Bai durƙusa ba, amma wannan bai dame ni ba. Na gaya masa komai, yadda na sa mata suka daka irinsu a kan maganarsa, yadda nasa ya zo a makare, yadda ruwa ya cinye shi. Ya saurara yana duban agogo. Ya ce, "Ai an raba, Inna. Garinku yana cikin waɗanda suka samu, ga hotuna nan. Jinkirin daga sama ne." Na ce ba jinkirin kaɗai ba, shinkafar ba ta ruwa ba ce. Sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Inna, iri ai iri ne."

Wannan kalmar ce ta gama ni. Da wani baƙo daga birni ya faɗe ta, da na ce bai sani ba. Amma wannan a cikin jirgin girbi aka shayar da shi, a kan damin jar shinkafa uwarsa ke kwantar da shi. Ya sani sarai. Bai dai ɗauki abin a bakin komai ba, tun da an rubuta an raba. Ya sa hannu a aljihu, na ce ya bar shi. Na ce, "Ɗana, na gode. Yau na gane ni ce ban da hankali, ba kai ba." Na dawo gida na cire atamfofin nan masu hoto daga akwati, na yayyaga na yi tsumman goge kasko.

Kafin sanyi ya shigo gidaje suka fara tashi. Shekara biyu ba girbi, ba kowa ke iya jurewa ba. Mijin 'Yar Shanga ya sayar da tarunsa ya ce za su gangara kudu, wai akwai aikin gona a can. Ranar tafiyarsu ta shigo yi mini sallama, da goyo a baya da tukunyarta a hannu, wayam. Ta ajiye a gabana ta ce, "Inna, ki aje min, ba ni da abin sa mata." Na so ta zage ni, na so ta ce ni na jawo musu. Sai cewa ta yi in yafe mata in ta taɓa ɓata mini rai. Na raka su har bakin hanya. Da na dawo na leƙa gidansu, ga murhu, ga turmi a kwance, sai na ji kamar Inna ta sake matse mini hannu.

Bayan Ta Gungu ta yi girbi, na ɗauki ƙoƙo na tafi gidanta. Ban taɓa yin tafiya mai nauyin wannan ba, alhali gida biyar ne tsakaninmu. Na same ta a kan tabarma tana zaɓen zangarniya. Na durƙusa, ni da na girme ta. Ta dube ni, ta dubi ƙoƙon, ta ce, "Gwamnati da kanta? Mi ya kawo gwamnati gidan marowaciya?" Na ce ta faɗi duk abin da ta ga dama, na cancanta. Sai idonta ya cika. Ta ce, "Tashi, Yaya, kar ki sa ni kuka. Wanga irin ma daga hannun Innarku uwata ta same shi, shekarar da ruwa ya ci namu. Naku na." Ta cika mini ƙoƙon har yana zuba, ta ce sharaɗi ɗaya, kada ƙwaya ɗaya ta ga turmi.

Ko ƙwaya ɗaya kuwa ba ta ga turmi ba. Shekarar farko abin da na girba duka na mayar iri, muna cin rogo muna kallon dami. Ɗana na cikina ya yi ta faɗa, ya ce tsufa ya fara taɓa ni, na ce ya taɓa. Shekara ta biyu na fara bin gidajen da suka daka a kan maganata. Ba takarda nake dubawa ba, fuskokin matan da suka tsaya a tsakar gidana ranar nan ba su taɓa barin idona ba. Kowace na kai mata ƙoƙo ɗaya, na tsaya sai ta gauraya da toka, ta yaɓe, ta danna yatsa a gabana. Wasu sun karɓa da murna, wasu sun karɓa ba su dube ni ba, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka koma ƙauyukan gaba na bi su a jirgi, Ta Gungu tana gaba tana yi mini tsiya wai tuƙina ya lalace tun da na shiga siyasa. Bara da kaka na tsaya a bakin gaɓa na ga jirage sun shiga girbi, na ji amon lauje, na zauna a ƙasa na yi ta godiya ga Allah.

Da zaɓe ya matso, samari suka zo da sabuwar atamfa, wai Honorabul yana gaishe ni, a taimaka a tara mata. Na ba su ruwa suka sha. Na ce su gaya masa ƙuri'ata zan jefa, don haƙƙina ce, kuma ba wanda zai san inda ta faɗa. Amma bakin da na yi amfani da shi na ce wa mata su sauke tukunya, ba zan sake ara wa kowa shi ba. In gwamnati ta kawo abu mu karɓa, namu ne, ba kyauta aka yi mana ba. Sai dai mu gan shi a hannu tukuna. Suka ce in yi haƙuri in karɓi atamfar ko don girmamawa, na ce ina da tsumma isasshe.

Gida ɗaya ya rage mini. Ba wanda ya san inda 'Yar Shanga take, wasu su ce an gan su wajen Jabba, wasu su ce sun wuce nan. Rufin ɗakinta ya faɗa, ciyawa ta fito a murhu, ni nake zuwa in cire. Tukunyarta tana rataye kusa da ta Inna, cike. Iri ba ya son daɗewa a rufe, in ya shekara biyu sai ya mutu, saboda haka duk ruwan farko nake fasa lakar in yafa shi a gefen gonata, a wani fili da kowa ya san nata ne. Da kaka in zaɓi mai nauyi in mayar, in yaɓe, ragowar in kai wa masu ƙaramin ƙarfi da sunanta. Na gaya wa matar ɗana na cikina, in na rasu kafin 'Yar Shanga ta dawo, aikin ya koma hannunta, kuma na sa ta rantse. Lakar tukunyar Inna tana ɗauke da yatsana. Ta 'Yar Shanga kuwa sumul nake barinta, ba na danna komai, don wurin yatsanta ne.